A Bar Hajiya Ta Ƙarasa Waƙarta

Akwai ɗabi'ar da ke ɓata mini rai a hirar Hausawanmu na Misfala da Jarwal a nan Makka. Da zarar mutum ya ambaci wani ƙaramin littafi da aka buga a Zariya wanda bai yi suna ba, ko wasan kwaikwayon talabijin na Kaduna na shekarun 1980, sai wani ya zaro waya ya duba YouTube, in bai gani ba ya ce babu shi, a koma kan finafinan Kano da kowa ya sani.

Abin ya fi ciwo a kan waƙoƙin ƙuruciya. Waƙoƙin gaɗa da na tashe, wanda yara ke farawa daga goma ga azumi, yawancinsu a bakin iyaye mata suke, kuma kowane gari da irin amshinsa. Tsohuwa za ta fara rera ta Katsina a gida, sai a katse ta da "Hajiya, ba haka ake yi ba," alhali jikokinta haifaffun nan, waɗanda Larabci ya fi zama a bakinsu, ba su da inda za su ji ta sai wurinta.