Ina Maradi a fim ɗin Maradi?

Daren Asabar ɗin da ta wuce muna ɗakin wani ɗan garinmu a nan Tireshbil, wata unguwa a Abijan, mu biyar, kawunanmu a haɗe kan salula guda, muna kallon wani fim mai dogon zango da samarin Maradi suka ɗora a YouTube. Can sai Alhaji, wanda ya girme mu duka, ya ce, "Kai yaro, tsaya, maida baya!" Ƙofar gida ce aka buɗe a fim ɗin, aka ɗan hango dogon yaro da wani ɗan kabu-kabu ya gifta. Nan gardama ta kaure. Alhaji ya rantse unguwar Zariya ce, wani ya ce Ali Ɗan Sofo, duka biyun unguwanni ne a Maradi. Abin da bai kai daƙiƙa uku ba ya cinye mana rabin awa, don shi kaɗai ne Maradin da muka samu a kashi shida. Sauran duk falo ne, kujeru masu laushi da labule, irin wanda in an ce maka Kano ne ko Kaduna ba ka da ta cewa.

Wannan ɗabi'a daga Kannywood muka ɗauko ta. Kano gari ne da ke da Kurmi da Dala da marinar Ƙofar Mata, amma sau nawa ka ga labari ya taka ƙafa a wurin? Ƴan Legas kuwa, ko labarin bai taka kara ya karya ba, sai sun nuna maka gadar Lekki da motocin danfo masu ruwan ɗorawa, har wanda bai taɓa zuwa ba ya ji kamar ya san garin.

Na san uzurin masu shiryawa, kuma ba ƙarya suke ba. Ka kafa kyamara bakin babbar kasuwa, kafin ka ce kwabo yara sun yi maka zobe, ƙarar babura ta cinye maganar ɗan wasa, ga neman izini, ga mai rumfa yana jiran na goro. Hayar gida ta wuni ɗaya ta fi sauƙi.

Sai dai unguwar da nake zaune ita ke hana ni karɓar uzurin. A nan Jean Rouch, Bafaranshe mai shirya fim, ya ɗauki "Moi, un noir", wanda ya fito a 1958, kan samarin Nijar ƴan ci-rani. Umaru Ganda, ɗan dako a tashar jiragen ruwa, shi ne jigon fim ɗin. Da ƙaramar kyamara Rouch ya bi su kwararo-kwararo, ba tare da ɗaukar murya ba. Sai daga baya aka zaunar da Ganda yana kallon hotunan yana magana a kansu. Yau kusan shekara saba'in, in na kalla ina gane titunan da nake bi zuwa aiki. Gandan nan shi ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka na Wagadugu, a 1972. Ga ta kusa ma: A'isha Macky ta shiga Kara-Kara da kyamara, unguwar da wasu Damagarawa ke gudun ratsawa, ta fito da fim ɗinta "Zinder" a 2021.

Mu me muka rasa? Maradi fa gari ne da ambaliyar 1945 ta taso shi daga bakin gulbi zuwa kan tudu, aka shata masa tituna miƙaƙƙu kamar an ja da igiya. Ga fadar Sarkin Katsinan Maradi, ga tirelolin da ke layi a hanyar Ɗan Isa da Jibiya, ga mata masu tuyar ƙuli-ƙuli. Ni ko rigimar miji da mata za a yi, a yi mini ita a kan babur cikin ƙurar hunturu, a ratsa tasha, mai shayi ya sa baki.

Washegari na tura wa ƙanena hoton ƙofar nan ta WhatsApp ya duba mana. Ya ce bai gane wurin ba. Alhaji dai yana nan kan bakansa, Zariya ce.