Na'urarka ta ce za a yi girgizar ƙasa? To ina, yaushe, mai girman nawa?

Wanda ya yi saƙon muryar nan na daren jiya, da duk waɗanda suka dinga tura shi daga guruf zuwa guruf, Allah ya shirye ku. Wai wata na'ura ta "kama lantarkin ƙasa" a wajen Weija da ke yammacin Akra, alamar girgizar ƙasa na tafe, don haka kowa ya fita waje. Iyayenmu mata a Nima da Mamobi suka kwashi tabarmi da jikoki suka kwana a bakin kwata sauro na shagali, gari ya waye ko kofin shayi bai motsa a kan tebur ba. Sai ka ce ba mu aka yi wa irin wannan a Janairun 2010 ba, 'yan kwanaki bayan girgizar Haiti, lokacin da jita-jita ta kwanar da mutane a titi daga Akra har Kumasi.

Hasashen girgizar ƙasa abu uku ne: wuri, lokaci, girma. Duk wanda ya ce maka "wani abu na zuwa nan kusa" bai faɗa maka komai ba. Ina? Yaushe? Girman nawa? A faɗa tun kafin ta faru, a rubuce. Har yau babu wanda ya iya haka ta hanyar lantarki ko maganaɗisun ƙasa, kuma ba don ba a gwada ba.

Ga yadda ake awon, tunda mai saƙon bai ga dama ya faɗa ba. Ana binne sanduna biyu a ƙasa, tsakaninsu mita 50 zuwa 'yan ɗaruruwa, a haɗa su da waya zuwa na'urar da ke rubuta bambancin lantarki tsakaninsu. Layi ɗaya kudu da arewa, ɗaya gabas da yamma, sannan a ƙara dogon layi na kilomitoci don a gwama. Ba rodi ake sokawa ba, domin ƙarfe in ya fara tsatsa a ƙasa mai damshi shi kansa ya zama batir, abin da za ka auna ke nan. Sanduna na musamman ake sawa, irin na darma ko na tagulla a cikin ruwan gishirinta. Abin da ake nema kuwa milibolt ne, kashi ɗaya cikin dubu na bolt. Kuma a lantarkin da ke hawa da sauka a hankali ƙwarai ake nema, wajen zagaye ɗaya a daƙiƙa ko ƙasa da haka, saboda jiƙaƙƙen dutse yana shanye mai sauri kafin ya fito daga zurfin kilomita goma.

To kawo wannan Akra. Ruwan sama ɗaya ya sauya damshin ƙasa, allurar na'urar ta tashi. Taransifoma na yoyon wuta cikin ƙasa, ta tashi. An ɗauke wuta, unguwa duka ta tayar da janareta, ta tashi. Mai walda ya kunna injinsa, tsawa ta faɗi a Aburi, teku ya cika ya janye, duk tana rubutawa. Ga kuma guguwar rana, ga igiyar lantarkin da ke gudana da rana a sama wajen kilomita 100, wadda Ghana ke kusa da hanyarta. Shi ya sa masu aikin gaske suke kafa tasha ta biyu can nesa, duk abin da ya bayyana a tashoshin biyu lokaci guda su cire shi, don daga sama ya zo. Mai saƙonmu tasha nawa gare shi? In ma wayar hannu ce da manhaja, kamfas ɗin cikinta an yi shi ne don ya nuna maka alƙibla. Matsar da ita kusa da firji ka ga "girgiza".

Za a ce ai Turawa sun yi. Sun gwada dai. A Girka tun 1981 masana uku, Varotsos da Alexopoulos da Nomicos, suka fito da hanyar da ake kira VAN da farkon sunayensu. Shekara arba'in da ɗoriya ana gardama, domin hasashensu yana da faɗi, kuma a ƙasa irin Girka da ke girgiza kullum, in ka ce "za a yi a yamma cikin makonni" da wuya ka faɗi ƙasa. A Kalifoniya wata na'urar maganaɗisu da ke kilomita 7 daga cibiyar girgizar Loma Prieta ta 1989 ta nuna wani tashi kafin girgizar. An yi ta murna, sai a 2009 wasu masana suka sake duba bayanan suka ce matsalar na'urar ce. A Parkfield kuwa, can Kalifoniya dai, an shimfiɗa na'urori iri-iri ana jira shekara da shekaru, girgiza mai maki 6 ta zo ran 28 ga Satumba 2004, ba sallama ba alama. Faransa ta harba tauraron DEMETER mai neman irin waɗannan alamu daga sama a 2004, Sin ta harba nata a 2018, bincike ne mai kyau, amma babu wanda ya taɓa kwashe mutanen gari da shi. Alamar da ka gano bayan gini ya faɗi, ihu ne bayan hari.

Masu cewa "ai gara a yi hattara" kuma, na ji. Hattarar da ke kwanar da mai hawan jini a titi, ta bar ɗakuna a buɗe wa ɓarayi? In aka yi haka sau uku, ranar da Hukumar Binciken Ƙasa ta Ghana ko NADMO, hukumar kula da bala'o'i, suka yi magana ta gaskiya, wa zai saurara?

Abin da ke ci mini rai shi ne haɗarin gaskiya ne. Akra na zaune inda tsagar dutsen ƙarƙashin ƙasa ta Akwapim ta haɗu da ta bakin teku. Ran 22 ga Yuni 1939 girgiza ta kashe mutum 17 a garin nan, lokacin ba a cika shi da benaye ba. Mutanen Weija, Gbawe, McCarthy Hill da Kasoa sun ji motsi a Disambar 2018, a Yunin 2020, da Disambar 2022. Za ta sake zuwa, ranar ce Allah kaɗai ya sani. In ta zo, ka durƙusa ka shige ƙarƙashin tebur mai ƙarfi ka riƙe ƙafarsa, ka kare kanka, kada ka ruga matakala, kada ka tsaya jikin katanga. In ta lafa ka rufe silindar gas kafin ka fita.

Af, tunda ana maganar katanga: ku masu ɗora hawa na uku a kan harsashin da aka zuba don ɗaki biyu, da bulon da ake murjewa da yatsa, wane injiniya ne ya duba muku ginshiƙan? Benen nan na Achimota da ya rufta a 2012 ko motsi ƙasa ba ta yi ba. An ƙaddamar da dokar gini ta ƙasa tun 2018. Alhaji mai gida, kafin ka karɓi kuɗin hayar shekara biyu a hannun bayin Allah, tambayi birkilanka bulo nawa ya buga da buhun siminti ɗaya.