Kafin ka sa hannu a takardar bankin nan, ɗan'uwa

Salamu alaikum samarin Zango, na Nima da Mamobi da Madina a Accra, har da ku da kuke Ingila da Jamus kuna turo kuɗi a saya muku gida. Na san abin da yake tura mu. Mai gida ya ce sai ka biya hayar shekara biyu gaba ɗaya, alhali dokar haya ta 1963 wata shida ta ce, sai zuciya ta ce gara in ci bashin banki in sayi nawa in huta. Ba laifi, amma ku ɗan tsaya.

Wani abokina da muka taso tare ya karɓi mogej, wato bashin banki na sayen gida, a dala saboda an ce masa ruwanta ya fi sauƙi, kuma gaskiya ne ya fi sauƙi a takarda, amma shi albashinsa sidi ne, kuɗin Ghana. Farkon 2022 dala ɗaya sidi 6 ce da ɗan kai, kafin shekarar ta ƙare ta haura 14. Bashin bai ƙaru da ko dala ɗaya ba, abin da yake fitarwa duk wata ne ya ninka har ya wuce, albashi kuwa yana nan inda yake. Wallahi sai da matarsa ta sayar da gwal ɗinta. In da sidi ake biyanka, kar ka ci bashi da kuɗin da ba ka samu. Bashin sidin ma ba wasa ba ne, a 2023 Babban Bankin Ghana ya kai ruwansa 30 cikin ɗari, bankuna kuma su ɗora nasu a kai, don haka ka tambaya ƙarara, ruwan nan a tsaye yake ko yana hawa da sauka? Maganar riba kuwa kowa ya zauna da malaminsa tun kafin ya shiga, ba sai ya shiga ba ya zo yana neman fatawa.

Amma abin da ya fi damuna shi ne lauya. Mu dai muna ganin kuɗin lauya asara ne, sai ka ji an ce "ai banki na da lauyansa, ai mai sayarwa ya kawo nasa". Malam, lauyan banki banki yake yi wa aiki, so yake in ka kasa biya a iya sayar da gidan ba wahala. Wa zai karanta maka ƙananan rubutun nan, tarar jinkiri, tarar da wasu ke ci in ka biya da wuri, da wata nawa za ka makara kafin banki ya zo ya karɓe gidan? Ka ɗauki naka, ya je Lands Commission, hukumar filaye, ya yi sach, wato bincike, da sunan da ke kan indencha, takardar mallakar filin, safiyo, mai awon fili, mai lasisi ya je ya ga ko sait filan ɗin, wato taswirar filin, ya dace da filin da aka nuna maka. Duk wannan kafin kobo ya fita daga hannunka. Kowa ya san yadda ake sayar da fili ɗaya wa mutum uku a wajen Kasoa da Amasaman, kuma langad, 'yan daban da ake ɗauka su tsare fili, suna nan duk da dokar filaye ta 2020 ta haramta su.

Sannan ka duba shekarun. Yawanci filin da gidan yake kai ba mallaka ba ce ta har abada, haya ce ta shekara 99 daga ranar da aka fara ba da filin, ba daga ranar da ka saya ba, watakila talatin sun riga sun tafi. 'Yan'uwanmu na Nijar da Najeriya da ba su da takardar zama ɗan ƙasa, shekara 50 ce iyakarku, kar dillali ya ruɗe ku.

Kuma bayan difozit, kuɗin da za ka fara ajiyewa daga aljihunka, akwai kuɗin mai ƙiyasta gida, da inshora, da harajin sitam, da rajista, su ma ka ware musu nasu. Abokin nan nawa har yau yana biya, ɗaki biyu ya ba 'yan haya shi da iyalinsa suka matsu a ɗaya da falo.