Ku riƙa leƙa ƙarƙashin mota kafin ku yanke mata hukunci

Wallahi na gaji da aikin kintace da wasu makanikai ke yi mana a Birnin Kebbi. Ka kai mota tana zubar da mai, mutum ko sunkuyawa bai yi ba, sai ya danna bayanta da tafin hannu ya ce, "Alhaji, shok ne ya mutu, a kawo kuɗin 'yan Baljiyam guda biyu." Wa ya faɗa maka? Ƙasa ka buga?

Motata tsohuwar Marsandi ce mai dogon baya, samfurin W124, irin wadda aka daina ƙerawa tun 1996. Bayanta ba shok na gama-gari ba ne. Akwai tankin man shok, ba na fetur ba, a cikin bonet, da famfon da injin ke juyawa, da siririn bututun ƙarfe da ya bi ta ƙarƙashi har baya. Can kuma akwai bawul mai auna tsayin mota, da wasu ƙwallayen ƙarfe biyu, kowane da iskar naitirojin a ɓangare ɗaya, mai a ɗaya ɓangaren, roba ta raba tsakani. Ka lodo buhunan shinkafa daga Argungu, baya ya zauna, bawul ya buɗe, mai ya shiga, mota ta miƙe abinta. Don wannan muke riƙe da ita duk da tsufanta. To a cikin wannan jerin kaya, ta yaya danna but zai nuna maka inda ke yoyo?

Abin haushin, binciken ba ya cin komai sai kananzir da tsumma da haƙuri. A hau da ita kan rami, a wanke ƙarƙashin tas, domin ƙurar hunturu ta riga ta cakuɗe da mai ta zama kwaɓa, ko'ina baƙi ƙirin. A cika tanki zuwa layinsa, a tada injin, mutum biyu ko uku su zauna a but don famfo ya yi aiki, sannan a bi bututu da tocila taƙi bayan taƙi. Inda ya fara sheƙi, nan ne. Kuma a nemi wuri mafi tudu da ya jiƙe, don mai gangarowa yake yi, iska kuma ta kwashe shi baya in ana tafiya, ya shafe shok ɗin da bai ji ba bai gani ba. In yoyon ƙarami ne, a shimfiɗa kwali ta kwana a kai, da safe ɗigon zai yi magana.

Wani lokacin ma ba za a ga ɗigo ba sam. Idan robar cikin ƙwallayen nan ta fashe, mai ya cike gurbin iska, tanki ya ragu alhali ƙasa a bushe take, bayan mota ya sandare, kowane rami a hanyar Jega sai ka ji shi a ƙashin bayanka. A tsofaffin Marsandi W123 kuwa, samfurin da ya gabaci tawa, da famfonsu ke manne da kan injin, sil, wato robar da ke tare mai, na iya sakin man ya zarce cikin baƙin mai, sai a sandar awo za ka ga ya ƙaru. Wanda bai san wannan ba, me ya hana shi cewa bai sani ba? Ai ba abin kunya ba ne.

Ni dai an canja mini shok biyu, kuɗi masu ciwo, mai bai fasa zuba ba. Na koma, ogan ba ya nan, yaronsa ya ɗauko man birki ya tuttula a tanki kafin in ankara. Na ce, "Kai, me ka zuba?" Ya ce, "Baba, ai mai duk mai ne." Inna lillahi! Wannan tsarin da nasa man na musamman yake aiki, kuma robobinsa ba sa shiri da man birki ko kaɗan, kumbura suke yi su lalace. Dole aka zubar, aka wanke layin gaba ɗaya, aka jira mai na ainihi daga Ƙofar Ruwa a Kano. Duk daga aljihuna.

Da ogan ya ga abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai ya kawo shawarar da suka saba: a toshe famfo, a cire komai, a sa shok na gama-gari kowa ya huta. Wato tunda ya kasa gano ciwon, a yanke ƙafar.

Wani dattijo a wani garejin ne ya shiga rami da tocila ya yi abin da na lissafa a sama. Bututun ƙarfe ne tsatsa ta ci, daidai ƙarƙashin maƙalin da ke riƙe shi kusa da tayar baya, inda laka ke maƙalewa da damina. 'Yar huda ce, sai da aka zauna a but sannan ta fara tsartuwa. Ya sauya wannan bututun, yoyo ya tsaya.

Na ɗauki ruɓaɓɓen bututun na kai wa na farko, na ajiye a kan bencinsa, na tambaye shi kuɗin shok biyun da ba su da laifi fa, da man da yaronsa ya ɓata? Ya juya shi a hannu, ya kalle ni ido cikin ido ya ce, "Haba Alhaji, ai dama shok ɗin ma sun kusa mutuwa."