Lambun da Birni ke buƙata daga hanyar ruwa zai fara

A watan Satumba na 2024, a Birni, tsohuwar unguwar garin Damagaram (Zinder), ruwan sama ya kayar da tsohon masallacin unguwar, ginin ƙasa da ya haura shekara 150 a tsaye. Duk ɗan Damagaram da ya ga tarin ƙasar nan ya ji abin har cikin ransa. Tun ranar nake duban filayen da ke kewaye da tsofaffin gine-ginenmu da wani ido: gefen fada, gindin duwatsu, wuraren da sauran ganuwar Sarki Tanimu ke narkewa. Da yawansu sun zama juji da makwancin awaki. Ina ganin ya kamata a mai da su lambun shan iska na gari, da sharaɗin a tsara shi yadda zai tsare ginin.

Da an ce lambu, sai masu zane a ofis su kawo koriyar ciyawa, famfon feshi da daɓen siminti. Mu dai ba mu da wannan ruwan. Garin nan a kan dutse yake zaune, ƙishirwarsa na cikin dalilan da aka bayar da Faransawa suka ɗauke babban birnin Nijar daga nan suka mai da shi Yamai a 1926. Har yau daga Gogo da Machaya da Arunguza ake turo mana na sha, in bazara ta yi kuwa uwargida ta wuni tana jiran ɗan ga-ruwa. Wa zai iya duban idonta ya ce mata ciyawa ake shayarwa?

Ko da ruwan ya wadata, tubali ba ya shiri da laima. Ginin ƙasa daga gindi yake mutuwa: ruwa ya kwanta, bango ya sha, ya yi ta zaizayewa har ya rasa abin tsayawa. Na gani a gidan kakana. Don son gyara muka shafe zauren da siminti, ya yi kyau damina uku, ashe laima na ɓoye a ciki ba ta da mafita. Ranar da ɓawon ya ɓalle, da rabin bangon ya tafi. Har yanzu in na wuce wurin raina na ɓaci.

Saboda haka mai tsara lambun ya fara zuwa Birni ana tsakar ruwan Agusta, ya bi malalen da ƙafa. Ya ga inda ruwa ke gangarowa daga duwatsu, inda indararo ke zuba, inda yake taruwa. A yi wa ƙasa gangare ta baya wa bango, a shimfiɗa magudanai da dutsen da muke da shi birjik, a kai ruwan kududdufan da aka haƙa tun asali don ɗibar ƙasar gini. In an yashe su aka hana zuba shara, a bakinsu itatuwa za su kama: kurna, aduwa, tsamiya, gawo, waɗanda suka san rani. Amma a dasa su nesa da katanga, don saiwa ba ta jin kunyar tushen gini. Sai dakalai a inuwa da fitilu masu aiki da hasken rana.

Akwai abin koyi a Alƙahira. Lambun Al-Azhar da aka buɗe a 2005 a kan jujin ɗaruruwan shekaru aka yi shi, wajen aikin ne aka tono tsohuwar ganuwar zamanin Salahuddin, aka kuma koya wa ƴan unguwar maƙwabta sana'ar gyaranta. Wannan na ƙarshen ne ya fi burge ni. Muna da magina da suka san kwaɓa ƙasa, suka san makuba, suka san ɗaura azara da fitar da zanko, amma suna tsufa, yaransu sun koma bulo. Lambun da bai ware kuɗin yaɓe na kowace shekara ba, bai sa matasa a bayan waɗannan dattawa ba, ado ne kawai a gefen kango. Tun 2006 tsohon garin Zinder ke cikin jerin jira na UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, Agadas kuwa ta shiga jerin gadon duniya a 2013. Ba a shigar da wurin da ba a ga mai kula da shi ba.

Na san za a ce ana fama da tsadar hatsi, wa ke ta lambu? Gaskiya ne. Sai dai magudanar da za ta tsare soron tarihi ita ce za ta tsare ɗakin talakan da ke jikinsa.

Kada kuma a tashi kowa, kada a kewaye wurin da waya a sa kuɗin shiga. Birni unguwa ce mai rai. A bar wa dawakin hawan salla hanyarsu, a bar wa mai ƙosai gurbinta, ƴan fada su dafa shayinsu, a keɓe wa mata da yara gefen da za su sake. Magajin gari da fada su zauna da masu unguwanni, su zaɓi fili ɗaya a gindin ganuwa, a haƙa magudanarsa kafin damina mai zuwa.