Akwatin da ke ƙarƙashin talabijin ɗina

Muna hira ta bidiyo ranar Lahadi ƙanena ya hango wani baƙin akwati ƙarƙashin talabijin ɗina. Ya ce, "Yaya, don Allah irin wannan za ka aiko min Kano." Risiba ce ya gani, wato na'urar da ke haɗa kayan kallo da talabijin da lasifika, kuma na daɗe ina ganin ta fi dacewa da falonmu na gida fiye da wannan ɗan ɗakin nawa na Bronx a birnin New York.

A gida, bayan talabijin kamar saƙar gizo-gizo yake. Dikodar DStv da wayarta, DVD da nata wayoyin uku, ja da fari da ruwan ɗorawa, ga na'urar wasan yara. Duk mai son canza abin kallo sai ya durƙusa da tocilan, ya zare wannan ya soka wancan, har bakin ramin ya saki hoto ya riƙa rawa. Aikin risiba shi ne ta raba mutum da wannan durƙuson. Kowace na'ura za ta shigo cikinta da wayar HDMI, wadda ke ɗauke da hoto da sauti tare, sannan waya ɗaya tak ta fita zuwa talabijin. Idan akwai ramin da aka rubuta wa ARC, fasahar da ta zo a 2009, sautin YouTube na cikin talabijin ma ta wannan wayar zai dawo ya fita a lasifika.

Amma abin da ya fi damuna shi ne yadda muke auna kayan sauti. A kasuwar Sabon Gari mai shago ƙure murya yake yi, idan ƙirjinka ya girgiza sai a ce kaya ya yi kyau. Ni ma da haka na taso. A nan bango siriri ne, maƙwabci na jin tarinka, dole na koyi saurare da murya ƙasa-ƙasa. Sai na gane cewa cikin lasifika biyar da babbar mai gurnani, wato tsarin 5.1, ta tsakiya ce uwar tafiya, domin ta nan maganar mutane ke fitowa. Risiba tana ba ka damar ɗaga ta ita kaɗai. Ranar da na fara gwadawa Baba na tuna, yadda yake karkato da kunne lokacin labarai yana tambaya, "Me ya ce?" alhali tagogi na kaɗawa don ƙara.

Duk da haka ban aika ba. Wutar Amurka bolt 120 ce, ta Najeriya 230, kuma yawancin risibar da ake sayarwa a nan ba ta ɗaukar biyun. Ka jona ta kai tsaye, ta ƙone nan take. Ga kuma wutar da ke zuwa da ƙarfi bayan an ɗauke, ga hawa da saukar janareta.

Na ce masa ya nemi risiba ƙirar Yamaha ko Denon mai bolt 230 a can, ko da ta hannu ce, ya duba rubutun bayanta da idonsa kafin ya biya. Ya haɗa da sitabilaiza, ya bar mata sarari a sama domin tana zafi. Lasifika kuwa ya fara da uku, hagu da dama da ta tsakiya, ya ajiye ta tsakiyar daidai saitin kujerar Baba. Kuɗin na tura masa jiya.