Muna zaginsa da rana, muna leƙensa da dare

Daren jiya a teburin mai shayi a Jekadafari, cikin garin Gombe, aka tayar da zancen Big Brother Naija, shirin talabijin ɗin nan da ake kulle mutane a gida ɗaya ana ɗaukarsu da kyamara dare da rana. Wani dattijo ya ce ba abin da shirin nan yake koyarwa sai fitsara, muka ce gaskiya ne, Baba. Baba na tashi, yaron da ya fi kowa gyaɗa kai ya zaro waya yana nuna mana faɗan da aka yi a gidan. Ya san sunan kowa, har wadda ta fara tsokana. Ni ma dai na miƙa wuya na kalla.

Shirin ba na jiya ba ne. A Holan aka ƙirƙiro shi a 1999, ya iso Najeriya a 2006, kuma wanda ya fara cinyewa, Katung Aduwak, ɗan jihar Kaduna ne. Ya yi shekaru shiru, ya dawo a 2017. Tun daga nan ake sukarsa, har ƙungiyar kare haƙƙin Musulmi ta MURIC ta nemi a haramta shi a 2019. Ba a haramta ba. A 2023 ma tsofaffin 'yan gidan da suka riga suka yi suna aka kwaso aka sake kullewa, Ilebaye ta tafi da naira miliyan 120.

Masu suka suna cewa tsiraici ne ke jan mutane. Akwai wannan, kuma ni ba zan kunna shi a falo gaban 'ya'yana ba. Amma a ganina gulma ce jarin shirin. Duk wanda ya taɓa zaman gidan haya a Bolari ko Pantami ya san labarin: wa ya tsame naman wa a tukunya, wa ya yi da wa a bayan ido, wa ya ƙi shara ranar da take kansa. Shi aka ɗauko aka kafa wa kyamara. A da sai ka kasa kunne ta katanga, in an kama ka ka sha kunya. Yanzu data kawai za ka saya. Ga ƙuri'a an ba ka, wanda ya rasa magoya baya Ebuka, mai gabatar da shirin, ya sallame shi ranar Lahadi. Kuma ganin mai suna yana kuka a kan ƙwai biyu yana ɗan sanyaya ran talaka. Da irin wannan iyalan Kardashian suka riƙe masu kallo a Amurka daga 2007 zuwa 2021.

Abin da ya fi damuna shi ne a ce wai rayuwar gaskiya ce. Masu shirin ne suka zaɓo mutanen, suka karɓe wayoyinsu, suka haɗa su gasa, suka shirya musu casu daren Asabar. An zuba zakaru a akurki ɗaya, sannan ana mamakin sun yi faɗa. Yaranmu sun ɗauki darasin cewa rigima ce ke kawo suna, ku leƙa TikTok ɗin Hausa ku gani.

Ku kuma 'yan uwa masu ɗora guntun bidiyon kuna rubuta "Innalillahi, ku ga lalacewa", ni fa ba ni da DStv. A shafin ɗaya daga cikinku na fara ganin shirin.